Na Sauke Mijin Yaya Daga Tirela

A kamfaninmu akwai wani baƙin allo a bangon ofishin lodi, kuma duk wanda alli yake hannunsa, direbobi har rusuna masa suke yi. Shekara huɗu ke nan da allin ya zo hannuna. Ni nake rubuta sunan kowane direba da lambar motarsa da inda zai nufa. Akawu suke ce mini, ko da yake a takarda sunan muƙamin ya fi haka tsawo. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, mutum ne mai son ganin komai a jere. Ko takalmin wani na gani a ƙofar ɗaki, ƙafa ɗaya ta kalli gabas ɗaya ta kalli yamma, sai na duƙa na gyara kafin hankalina ya kwanta.

Layi biyu ne a allon. Na hagu shi ne dogon zango: tirela, kwana shida ko bakwai a hanya, a dawo a huta kwana uku, a sake juyawa. Na dama shi ne zagayen gari: ƙaramar motar kaya, a bi shaguna ana sauke katan-katan, kafin magariba mutum ya isa gida ya miƙe ƙafa. Gurbi biyar ne kacal a dama, kuma direbobi har gaba suke yi da juna a kansu. A iya sanina na lokacin, babu alherin da za ka yi wa direba da ya wuce ka goge sunansa a hagu ka rubuta a dama.

Mijin yayata yana layin hagu tun kafin in san hanyar kamfanin. Shekara ashirin da shida yana jan tirela, ko madubi bai taɓa fasawa ba. Sannu-Sannu suke kiransa, saboda ko keke ne a gabansa sai ya yi shawara da zuciyarsa kafin ya wuce shi. Amma masu yi masa dariyar nan, sau nawa yana tarar da su a gefen titi mota ta ƙi tashi, ya tsaya ya ara musu sifana.

A gidansu na girma. Mahaifiyarmu ta rasu ina ƙarami, Yaya ta ɗauke ni ta haɗa da 'ya'yanta. Don haka na ga abin da na gani. Na ga Yaya ta goya jariri da zazzaɓi ta nufi asibiti ita kaɗai. Na ga ta hau tebur tana toshe yoyon rufi, mijinta yana can wata uwa duniya. Idan ya dawo kuma, me za a ji? Mutum ne da idan ya ce "to" sau uku a yini, ranar ya cika surutu. Ya yi wanka, ya ci abinci, ya yi barci, ya zauna a tsakar gida yana kallon Yaya tana taka keken ɗinkinta, yana murmushi shi kaɗai. Kwana uku na cika ya saɓi jaka. Na taso da abu ɗaya a raina wanda ban taɓa faɗa wa kowa ba: an cuci yayata, kuma wata rana ni zan share mata hawaye. Ban tsaya na duba ko akwai hawayen ba.

Shi ya samo mini aiki a kamfanin. Ƙa'ida ce duk sabon akawu ya bi tirela sau ɗaya, ya ga abin da zai riƙa aika mutane su yi, sai aka haɗa ni da shi. A wannan tafiyar na ga wani mutum da ban sani ba. Muna barin gari, gidaje suka ƙare, sai bakinsa ya buɗe. Ya san mai shayin da ke tafasa ruwa da gaske da wanda ke ɗumamawa kawai. Ya san inda ake samun ruwan wanka mai tsabta, ya san mai facin da ba ya ha'inci, har yawan 'ya'yan mai facin ya sani. Gaban motar nan kuwa ya fi ɗakin wasu tsari: ga ɗan matashin da yake tokare bayansa, ga tawul a wuya, ga filas a saƙale inda hannu zai kai ba sai an duba ba. Akwai rediyo, bai kunna ba ko sau ɗaya. Ya ce injin yana magana, rashin ladabi ne ka katse shi. Ni kuwa a rana ta biyu bayana ya riƙe, idona ya gaji da kallon kwalta, na ji kamar in buɗe ƙofa in dira.

"Babban Yaya," na ce masa, "don Allah kai ba ka gajiya?"

"Ina gajiya mana. Amma tawa a jiki take, barci ɗaya ya wanke ta. Kai da za ka zauna da manaja a kanka, ga mutum goma a bakin ƙofa kowa da ƙorafinsa, wane barci ne zai wanke taka?" Ya sauya giya, ya saurara, sannan ya ci gaba. "Nan aiki ɗaya ne a gabana, kuma ina ganinsa da idona. Ba mai tambayata me nake tunani. Wasu Allah ya yi su don zama cikin jama'a. Ni idan na yi kwana huɗu ina amsa gaisuwa, sai in ji kamar rigata ta matse ni."

Na yi dariya. A raina na ce, haka mutum yake rarrashin kansa idan ba shi da mafita.

Allin ya zo hannuna da wata biyu sai wani dattijo a layin dama ya ajiye aiki. Mutum bakwai suka biyo ni, wani har gida, wani ya turo matarsa ta roƙi tawa. Na ƙi kowa. Ranar da mijin Yaya zai dawo daga tafiya, na sa tsumma na goge Sannu-Sannu daga hagu, na rubuta shi a dama da manyan baƙaƙe. Na tsaya a gefe ina jiran godiya, ina hura hanci kamar wanda ya gina asibiti.

Ya shigo da takardun kaya a hannu. Ya duba hagu inda ya saba ganin kansa, ya sake dubawa, sannan idonsa ya tafi dama. Ya daɗe a tsaye. Direbobin da ke ofis suka fara taya shi murna, wani ya ce, "Kai, ƙanin mata ya yi rana!"

"Akawu," ya ce, "wannan aikinka ne?"

"Nawa ne, Babban Yaya. Ka sha hanya, lokacin hutu ya yi."

Ya cire hula, ya shafa kai, ya mayar. "To. Allah ya saka da alheri."

Yanzu na san abin da ya kashe masa baki. Ta yaya zai tsaya a gaban jama'a ya ce wa ƙanin matarsa ba ya son kwana a gida kullum? Wa zai fahimce shi? Da ya faɗa, kafin la'asar labari zai kai kunnen Yaya cewa mijinta ya gaji da ita. Na ɗaure shi tamau da alherina, ko motsi ba zai iya ba.

Tirelar tasa aka ba wani direba da ake kira Guguwa, kuma ba don sanyin hali aka sa masa sunan ba. Na leƙa ta taga na ga mijin Yaya ya riƙe makullin yana ta bayani: giya ta uku ba ta son a fizge ta, tayar baya ta hagu tana sace iska a hankali, kada a zuba wa injin ruwa da zafinsa. Guguwa yana ta "to, Baba, to, Baba," hannunsa a miƙe. Da ya karɓa, mijin Yaya ya hau ya kwaso matashinsa da filas da tawul. Ya rasa abin da zai zuba su, sai ya rungume su a ƙirji ya fita ta ƙofar baya.

Da yamma na je na yi wa Yaya albishir. Na same ta a kan keke. Ta ɗage ƙafa, ta dube ni, ta ce, "Kullum-kullum?" Na ce kullum. Ta ce, "To, madalla," ta ci gaba da ɗinki. Na ɗauka farin ciki ne ya hana ta magana.

Wata na farko lafiya lau, ko kuma haka na hango daga nesa. Daga nan abubuwa suka fara fitowa. Mutumin da ya saba kowace safiya ya zagaya mota yana bubbuga tayoyi, ya wayi gari ba tirela, sai ya koma kan gidan. Ya bi tukwane yana ɗaure musu hannu. Ya zuba wa ƙofofi mai har labule ya ɓaci. Ya ce durom ɗin ruwa ba a daidai yake ba, nauyi ya yi gefe ɗaya, ya matsar da shi daga inda ya shekara ashirin. Wata rana Yaya ta dawo daga kasuwa ta tarar ya kwance mata keken ɗinki ɗaiɗai a kan tabarma, wai yana jin wata ƙara a cikinsa. Kayan mutum uku ne a hannunta ranar.

Ɗakin ɗinkin nan kuwa, da yamma majalisar mata ce. Su kawo yadi, su zauna, su yi ta hira har a manta abin da aka zo yi. Yanzu ƙarfe biyar maigida yana tsakar gida a kan kujera. Bai ce wa kowa komai ba, amma wace mace ce za ta saki baki? Ɗaya bayan ɗaya suka koma aike. 'Ya'yansa ma, da suka saba ya dawo su rufe shi da murna, sai ga shi kullum yana tambayar wa ya bar fitila a kunne. Babbar 'yarsu ta ce mini, "Kawu, da Baba baƙo ne mai tsaraba. Yanzu sufeto ne."

A wurin aiki ma ba ta canza zani ba. Zagayen gari aikin mai baki ne da hanzari: shago goma sha biyu a yini, cunkoso, masu babur suna shiga ta ƙarƙashin hancinka, kowane mai shago yana rantsuwa kayansa ba su cika ba. Sannu-Sannu bai iya kutse ba, bai iya musu ba. Sauran su gama su dawo su yi wanka, shi yana shago na bakwai. A wata na biyar, yana ja da baya a wani lungu, mutum huɗu suna ba shi hannu kowa da nasa umarnin, ya goga motar a katanga. 'Yar gogewa ce, ko fenti ba a sake ba. Amma ya shigo ofis ya ajiye mini rahoto, kuma ranar na ji ya daka wa lebura tsawa, abin da ban taɓa ji ba. Duk na ga wannan da idona. Na ce rashin sabo ne, zai saba.

A wata na takwas Yaya ta zo ofis. Ba ta taɓa taka kamfanin ba sai ranar. Direbobin da ke ciki suna ganin fuskarta suka tuna kowa yana da aiki a waje. Na jawo mata kujera, ta ƙi zama.

"Auta," ta ce, don haka take kirana, "tambaya ɗaya na zo yi maka. Wa ya aike ka?"

"Aike ni ina, Yaya?"

"Ni na kawo maka kuka? Ko shi ya kawo maka? Na taɓa ce maka na gaji?"

"Haba Yaya, ai ni na gani da idona. Shekara nawa kina fama ke kaɗai."

"Ka gani da idonka." Ta gyara mayafi. "Ka ga wahalar, ba ka ga sauran ba. Mutumin nan idan ya dawo daga hanya, tun daga bakin layi nake gane takunsa. Kwana ukun nan da kake rainawa sun fi shekarar wasu. Ya ba ni labarin duk abin da ya gani, ni kaɗai, bayan kun tashi kun ba mu wuri. Ni ma in kwance masa wanda na tara. Yanzu me zai ba ni? Labarin katan? Ni kuma me zan tara masa, alhali yana tsaye a kaina abin ya faru?"

Ta dafa teburina ta ci gaba.

"Jiran miji na iya, Auta, na ƙware a kai. Zama da shi kullum ne ban koya ba, shi ma bai koya ba, kuma mun yi girma da komawa aji ɗaya. Jiya a kan murfin filas muka yi sa'insa, har na faɗa masa abin da ban taɓa zaton bakina zai iya furtawa ba. Bai rama ba. Ya fita ya zauna a bakin titi yana kallon manyan motoci suna wucewa. Ina son mijina. Ka mayar mini da shi hanya kafin mu tsani juna."

Ta juya ta fita. Kunya ta kama ni, haushi ya kama ni, kuma ba ni da wanda zan sauke wa sai kaina. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, a cikin su biyun babu wanda na taɓa tambaya ko yana so.

Na ɗauka yadda na goge da tsumma haka zan mayar da alli. Ina! Babu tirelar da ba ta da direba. Na lallaɓi Guguwa, ya ce sai dai a kore shi. Na je wurin manaja, ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Kai ka nema masa dama, yanzu kai kake nema masa hagu. Kamfanin nan ba gidanku ba ne. An yi odar sababbin motoci, ka jira." Wata uku na yi ina jira. Kowace safiya mijin Yaya ya shigo, ya gaishe ni, ya ɗauki makullin ƙaramar mota ya fita, ba ya ko kallon gefen hagu na allon.

Da sababbin suka iso, guda biyu, tun ba a cire ledar kujerunsu ba na kira shi bayan sito, inda ba kowa. Wannan karon na tambaya.

"Babban Yaya, ga mota. Dogon zango. Kana so?"

Ya dubi motar daga nesa, ya dube ni, idonsa ya kawo ruwa. Ya ce, "Yaushe ne lodi?"

Ranar tafiya ya zo da sassafe, ya yi aski, ga sabon tawul a wuya, ga jakar da Yaya ta shirya masa da hannunta. Ya zagaya motar sau biyu yana bubbuga tayoyi. Direbobi suka taru suna yi masa kirari da tsiya, wani ya ce a sanar da masu keke su kwantar da hankalinsu, Sannu-Sannu ya dawo. Ya danna hon sau ɗaya a bakin ƙofar kamfani, ya hau titi. Na koma kujerata na ji kamar an sauke mini kaya.

Wajen ƙarfe goma da rabi wayata ta yi ƙara. Shi ne.

"Akawu, ka zo. Ka taho da direba."

"Lafiya? Hatsari ne? Motar ce?"

"Motar lafiyarta ƙalau. Ka zo dai." Ya faɗa mini inda yake, ya kashe.

Guguwa yana gareji ranar ana yi wa tasa gyara, na ɗauke shi a motar ofis. Wurin wani tudu ne da hanya take hawa a hankali, sannan ta sulale gangare mai tsawo mai lanƙwasa uku, ga rami a hannun dama. Duk direban dogon zango ya san shi. A samansa akwai fili inda ake tsayawa a duba birki kafin a sauka. A filin muka tarar da tirelar, an tokare tayoyinta da duwatsu yadda ya kamata. Shi kuma yana zaune a ƙasa a inuwarta, tawul a kan gwiwa.

Guguwa, duk rawar kansa, sau ɗaya ya dubi fuskar dattijon ya ce bari ya je ya duba mai, ya ba mu wuri. Na zauna a ƙasa kusa da shi da wandon ofis ɗina.

"Na duba birki," ya ce. "Lafiya lau. Na hau, na sa giya. Ban ko fita daga filin nan ba sai ƙafata ta kama rawa. Na ce mata ke, mun sauka nan ya kusa sau dubu. Ta ƙi. Na kashe, na sha ruwa, na sake gwadawa. Sau uku, Auta."

Bai taɓa kirana Auta ba sai ranar.

"Sabuwar mota ce, ba ka saba da ita ba," na ce. "Bari Guguwa ya sauke maka ita, ka karɓa a ƙasa."

"Ba motar ba ce." Wata tirela ta zo ta wuce mu, ya bi ta da ido har ta sha kwanar farko. "Tun da waya ta zo, duk na sauka gangaren nan sai in kira yayarka in ce na wuce tudu. Ni na ɗauka gaisuwa ce kawai. Watan jiya muna hira da babbar 'yata, take ce mini wai duk ranar da na tashi, hantsi yana ɗagawa uwarsu take tsayar da keke. Ba ta ɗinki, ba ta cin abinci, ba ta amsa wa kowa. Waya a cinya, har sai na kira. Su ma yaran su yi tsit, ko dariya ba sa yi. Shekara da shekaru ana haka a gidana ban sani ba. Da ina kan hanya da har in mutu ba zan sani ba. Zaman gida ne ya sa na ji."

Ya goge fuska da tawul.

"Aikin nan, Auta, mai yin sa ba ya ɗauko kowa a ka. Kai ne da mota da hanya, shi ke nan. Shi ya sa ya yi mini daɗi, shi ya sa ban taɓa jin tsoro ba. Yau na leƙa gangaren nan sai na ga duk suna cikin motar, ita da yaran. Ba zan iya sauka da su ba."

Na ce zai wuce, na ce a huta a gwada gobe, na ce abubuwa da yawa marasa amfani. Ya girgiza kai. Ya ce duk direban da ƙafarsa ta fara yi masa gardama a kan tudu, ranar ya gama. In ya matsa, wata rana ɗan wani zai kashe. Ya zaro makullin ya miƙa mini, ni kuma na miƙa wa Guguwa. Muna tsaye ya cire duwatsun, ya hau, ya sauka da ita a hankali, hankalin da ban san yana da shi ba.

A hanyar dawowa ni nake tuƙi, yana gefena, hannuwansa a kan cinya ya rasa inda zai sa su. Tausayinsa ya cika ni har na kasa duban inda yake. Sai da muka fara ganin gidajen farko na gari ya yi magana.

"Na kira yayarka tun ɗazu. Na ce lafiyata ƙalau, yau a gida zan kwana, kai za ka yi mata bayani. Alfarma ɗaya nake roƙo. Kada ta san tsoro na ji. In ta sani za ta ce ita ce sila, ita da jiranta, kuma ba za ta yafe wa kanta ba. Yarinyar ma za ta ce bakinta ne ya jawo. Ka ce daga ofis ne. Ka ce kun sake shawara kun karɓe motar."

"Babban Yaya, ai ni ne ofis ɗin. Ta san ni nake rubutawa."

"Na sani," ya ce. "Shi ya sa za ta yarda."

La'asar sakaliya muka isa. Yaya tana tsaye a tsakar gida, da alama ta daɗe a tsayen. Ta dubi mijinta daga sama har ƙasa, ta tabbatar babu jini babu karaya, sannan ta juyo gare ni.

Na faɗa mata. Na ce na sake duba takardunsa na ga shekarunsa sun ja, sabuwar mota ce mai tsada, na ji tsoron abin da zai je ya dawo, sai na ce a tsayar da shi a ba wani. Ban san na iya ƙarya haka ba, ko tuntuɓen harshe ban yi ba.

"A tsakiyar hanya?" ta ce. "Da lodi a bayansa? A gaban abokan aikinsa?"

"Eh, Yaya."

Ta dubi mijinta. Ya sunkuyar da kai yana kallon ƙasa.

"Sau biyu ke nan, Auta. Na farko na ce rashin sani ne. Wannan kuma me zan kira shi?"

Ta matsa ta karɓi jakar daga hannunsa, ta ce masa da wata murya mai taushi, "Shigo, baban yara, ka sha ruwa. Allah yana nan." Suka shiga ɗaki, ta saki labule. Na daɗe a tsaye a tsakar gidan da na girma, babu wanda ya ce in zauna.

Shekara uku ke nan. Mijin Yaya yana nan a zagayen gari, har yanzu shi ne na ƙarshen dawowa. Ba su rabu ba. In gaskiya za a bi, tun ranar faɗan nasu ya ragu, don ta samu mijin da aka zalunta wanda za ta tausaya wa, ta kuma samu azzalumin. Idan mun haɗu tana amsa gaisuwata yadda ake amsa wa maƙwabci, ta daina ce mini Auta, kuma wannan yana yi mini ciwo fiye da yadda zan iya faɗa. Sau da yawa nakan tashi da niyyar in gaya mata gaskiya, har in kai bakin ƙofa in yi sallama. Sai in tarar da shi zaune a tsakar gida, ya ɗago ya dube ni. Sai in ce wucewa zan yi, na ce bari in leƙo in gaishe su.